Mufakat

Ni ke riƙe da littafin ƙauyenmu
a gindin dutsen Marapi,
inda shinkafa ke hawan tudu mataki-mataki.
Aikina bai wuce kalma guda ba:
in zama ya ƙare, in rubuta mufakat,
in ja layi, in rufe.

Daren nan zancen ruwa ne.
Magudanar gora ta tsage tun watan jiya,
na sama na sha har suna zubarwa,
na ƙasa na kallon laka
tana faso kamar diddigen tsoho.

Mun zauna tun bayan lisha,
gahawa ta huce, an sake ɗorawa.
Datuk Sinaro ya yanke:
kwana uku na sama, biyu na ƙasa.
Shafril ya ce to. Yusrizal ya ce to.
To ɗin nan ta zaga zaure kamar ƙoƙon sha,
kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa.

Na ɗaga alƙalami.

Sai idona ya faɗa kan Mak Rosmaini
can bakin ƙofa, wajen takalma,
tana murza gefen mayafi da yatsa biyu.
Gonarta ce ta ƙarshe,
inda ruwa ke isa a gajiye, in ya isa.
Ba ta ce a'a ba.
Ba ta kuma taɓa ƙoƙon ba.

Shafril ya ce, rubuta mana, malam,
mu ashirin da bakwai ne, ita ɗaya.
Datuk ya tofar da tsinken da ke bakinsa:
Da ƙidaya muka zo yi
da tun magariba an ɗaga hannu an watse.
Rinjaye da sunansa, ba shi muka kira ba.
Kalmar nan ba ta iya lissafi,
fuska take dubawa.

Na tuna ranar da muka ɗaga rufin rumbu.
Kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
abin da ba a cika faɗa ba shi ne
in kusurwa guda ta saki
kan kowa take karkatowa.

Aka yi tsit har muka ji kwaɗi.
Sannan ta buɗe baki, a hankali:
Kwana biyun da kuka ba mu,
na fari hanya ke shanyewa,
na biyu a gonar Yusrizal yake kwana.
Ni raɓa nake nomawa.

Yusrizal ya sunkuyar da kai.
Aka kwance abin da aka ɗaura,
aka sake saƙa, aka sake warwarewa,
murya ta hau, murya ta sauka,
wani ya fita fitsari ya dawo da sabuwar hujja.
Kusan zakara ya yi cara
aka ware mata daren Laraba sukutum,
samari kuma su sare gora su ɗinke tsagar.

Datuk ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya.
Da ya zo kan Shafril, sai ya tsaya.
Shafril ya ce, daɗi dai ban ji ba,
amma zan iya kwana da shi.
Datuk ya ce, iyakar abin da ake nema ke nan.

Sai na rubuta.
Hannuna ya mutu da zama, harafin ƙarshe ya karkace,
na bar shi haka.

Ran Laraba da tsakar dare na leƙa ta taga,
na hango fitila guda na hawan tudu.
Shafril ne, yana tafe yana mita,
zani a kafaɗa, laka har gwiwa,
ya durƙusa ya zare katakon da ya tare nasa ruwan,
ya tsaya yana haska shi
har ya sha kwana ya yi ƙasa.